Keken Goggo da Ƙofar Zaure

Ranar da Goggo ta fita takaba ta ce in sayo mata keke. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu a gidan mijinta, Malam, da ke unguwar Kwarbai. Wata huɗu da kwana goma na zaman wuri guda sun riƙe mata gwiwoyi, har ta kai ko bakin rijiya za ta je sai ta dafa bango. Likita ya ce in ba ta riƙa motsa su ba, zaman zai zama na dindindin, kuma keke ya fi tafiyar ƙasa sauƙi ga gwiwa.

Ba baƙuwar keke ba ce. Shekaru ta yi tana aikin unguwarzoma a ƙauyukan bayan gari, akwatinta ɗaure a kariya. Amma can ƙauye ne, kuma da ƙuruciyarta. Nan cikin birni ne, inda in ka yi tari a Kwarbai sai an yi maka sannu daga Limancin Kona. Kunya na ji, ba zan ɓoye ba. Na dinga hango dattawan majalisa suna nuna ta da baki suna cewa ga goggon wane can a kan keke.

Sai na yi dabara, irin ta wanda yake ganin ya fi kowa wayo. Na sayo mai ƙafa uku, mai faffaɗan sirdi da majingina. Ga mutane na ce don kada ta faɗi ne. A raina kuwa so nake duk wanda ya gan ta ya ce lalura ce ta sa, ya tausaya, ya yi shiru.

Abin da na manta shi ne ƙofar zaure. Tsohon gini ne na ƙasa, ƙofar ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka. Tayar gaba ta shiga, na baya biyu suka tokare. Muka karkata, muka ɗaga, muka juyo da baya, abu ya ƙi. Wani maƙwabci ya ce a kira magini ya ɗan sassabe gefen bangon.

Goggo ta fito tana dafa bango, ta tsaya ta dubi keken, ta dube ni.

"Ta nan aka fitar da Malam," in ji ta. "Makara ba ta gogi bango ba. Abin da ya fi makara faɗi ba na gidan nan ba ne." Sannan ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Ɗan nan, ban nakasa ba tukuna. Kai ne kake gaggawar a ce na nakasa."

Washegari ta sa igiya ta auna ƙofar, ta ƙulla, ta jefa a jaka. Muka mayar da keken wurin mai shi, wajen Tukur-Tukur, wannan karon da ita.

"Hajiya, na jika za a zaɓa?" in ji mai keken.

"Na kakar ne, Malam."

Ba ta ko kalli sababbin ba. Ta tsaya kan wani koren keken mata na gwanjo, wanda ba shi da sanda a tsakiya, don ta hau ba tare da ta ɗaga zane ba. Ta duba sarƙar, ta ga a rufe take, ba za ta ja mata bakin hijabi ba. Ta danna sirdin da tafin hannu ta ji laushinsa, ta sa aka yi ta sassauto shi har ƙafafunta biyu suka taka ƙasa tana zaune. Daga ƙarshe ta ciro igiyar ta auna kan keken. Bai kai ƙullin ba.

Shekara uku ta yi tana hawansa. Da sassafe take fita, kafin 'yan acaɓa su cika hanya, ta bi a hankali har gidan wata ƙawarta a Limancin Kona, su sha koko, ta dawo. Ta daina dafa bango. Mutane sun yi magana na mako guda, suka sami wani abin yi. Ni ne ban daina jin kunya ba. Sau biyu tana ce mini, "Ka zo wata safiya ka ga yadda nake yi." Na ce aiki ya yi yawa. In na san lokacin fitarta ne, sai in sake hanya.

Ta rasu da damina, bayan 'yar jinya. Makara ta bi ta ƙofar nan ba ta gogi bango ba.

Bayan kwana bakwai na tura keken zan kai wa ƙawar tata, kamar yadda ta yi wasiyya. Ban yi nisa ba mai ƙosai ta miƙe ta yi mini ta'aziyya, ba ta san ni ba, keken ta gane. Wani tela ya fito daga shago ya ce kullum sai ta kaɗa masa ƙararrawa. Har dattawan majalisar da nake tsoro suka tsayar da ni, ɗayansu ya ce, "Allah ya jiƙanta. Da zamanta a kansa kaɗai ka san ta iya."

Na ce amin. Duk unguwar nan sun gan ta tana tuƙa shi, ban da ni.