Wayoyin ɗakin ƙasa

Bayan na fita takaba na sa gidanmu na unguwar Soundview, a nan ƙasar waje, a kasuwa. Gwiwoyina sun daina shiri da matakalarsa, 'yata kuma ta matsa in koma kusa da ita kafin sanyi ya shigo. An samu masu saye, wasu mata da miji, har mun daidaita. Sai lauyata ta kira ni ta ce ciniki ya tsaya. Wanda suka turo ya duba gidan ya ga wayoyin lantarki na ɗakin ƙasa, wato na ƙarƙashin gidan, ba na asali ba ne, ga shi babu takardar shaidar cewa mai lasisi ne ya yi aikin, ofishin birni ma bai san da zancen ba. In ba a warware wannan ba, za su janye.

Ni mace ce mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Da masu sayen na fara, na ce dabara ce kawai. Daga nan na koma kan ƙanen mijina, wanda tun farko bai so a sayar ba, na ce shi ya kwashe takardun. Na zazzage akwatunan marigayi kaf, ban ga komai ba sai tsofaffin fasfo da huluna.

Ɗakin ƙasan nan masauki ne. A wajenmu duk wanda ya sauka daga jirgi bai da kowa, gidan wani ake kai shi har ya samu aiki, mijina kuwa ba ya iya cewa a'a. Da baƙi suka yi yawa aka ƙara fitilu da wurin jona hita. Wanda ya yi aikin aminin mijina ne, wani Alhaji ɗan Kumasi da suke sahu ɗaya a masallaci. Bai karɓi ko kwabo ba, tuwo na tuƙa masa. To wa zai dubi mutumin da ya yi maka aiki don Allah ya ce kawo takarda? Zagi ke nan.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne gaisuwa. Tun da maganar ta fita, dattawan masallaci da rabona da su tun sadakar arba'in suka dinga zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya kawo dabino, wancan ya tambayi gwiwa, kowa kuma kafin ya tashi sai ya ce yaya maganar wutar nan. Ban faɗa wa ko ɗayansu ba. Na ce a raina akwai magana.

Alhajin ne ya zo a ƙarshe, ranar wata Juma'a bayan an sauko. Ya zauna a bakin kujera, ya ƙi shan shayi, ya yi ta yabon marigayi har na gaji. Na tambaye shi kai tsaye ko takardar tana wurinsa. Ya ce babu ita, ba a taɓa yin ta ba, shi bai da lasisin ƙasar nan, a gida ya koyi aikin. Kuma ba gidana kaɗai ba ne, gidajen 'yan uwa da yawa hannunsa ne. In sunansa ya shiga ofis, ba shi kaɗai zai shiga uku ba.

"Hajiya, in sun tambaye ki, ki ce maigida ne ya yi da kansa," in ji shi. "Shi yanzu ba abin da za su iya yi masa."

Nan na gane ma'anar dabinon. Sun zauna sun gama shawara, sun zaɓi wanda ba zai iya musu ba. Raina ya ɓaci sosai, don kuwa su ne suka ɗauki gawarsa. Amma Alhaji yana da iyali.

Lauya ta ce mafita ita ce a kawo mai lasisi ya cire tsofaffin wayoyin, ya sa sababbi, a zo a duba a ba da takarda. Na yarda. Kafin ta rufe fayil ta ɗaga biro ta tambaye ni wa ya yi aikin farko.

Na ce mijina ne. Ta rubuta, ban hana ta ba. Mutumin da in ƙwan fitila ya mutu sai ya tsaya a ƙasa ya riƙe min kujera, ni in hau.