Ƙofar da Don Nicanor Ya Rufe

Duk wanda ya yi aiki a cibiyoyin adana bayanai na hanyar filin jirgin Querétaro ya san Don Nicanor Olvera, ko bai san fuskarsa ba ya san hannunsa. Idan ka buɗe kabad ɗin na'urori ka ga wayoyi sun sauko a jere kamar sabon kitso, babu wadda ta hau kan 'yar'uwarta, to shi ne ya wuce ta wurin. Idan kuwa ka tarar da su a cukurkuɗe, wannan aikin 'yan kwangila ne, Allah ya shirye su.

A wani ƙauye na Colón aka haife shi, gidan masu noman masara da 'yan awaki. Da ya gama makarantar koyon sana'a ya shiga hawan falwayar tarho, ya yi ta hawa har gwiwarsa ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Lokacin da aka fara gina manyan gidajen nan marasa taga a gonakin da ya sani tun yana yaro, sai ya sauko ƙasa ya shiga ɗaya daga ciki. Can ya koyi ɗaure na'urori, ya koyi saita su, ya saba da sanyin ɗakin da ƙugin fankoki. Ya aurar da 'yarsa guda, ya yi wa gidansa rufin kankare, furfura ta cika masa gashin baki. Ba mutum ne mai buri ba. Abin da yake so kawai a bar shi ya kai shekarun fansho da katin asibitin ma'aikata a aljihunsa, domin da katin nan ake yi wa matarsa Hortensia wankin ƙoda. Ranar da aikin ya tafi, katin ma ya bi shi.

Yana da ƙa'ida guda da kowa ya san shi da ita. Idan zai saita katangar tsaro a na'ura, sai ya fara toshe kowace hanya, ya hana kowa shiga, sannan ya bi yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya ga wanda ya cancanta. Yakan ce mai kiwo ba ya ƙirga awakinsa ƙofar garke a buɗe. In ma ya kulle kansa a waje ba ya damuwa, don akwai wata shuɗiyar waya da ba ta rabuwa da aljihunsa. Sai ya tashi ya taka zuwa kabad ɗin, ya soka ta a bayan na'urar, ya shiga ta nan. Na'ura ba ta taɓa hana mutumin da ke tsaye a gabanta ba.

Sai kiɗa ya canza. Kamfani ya ce daga yanzu hanyoyin sadarwa a cikin manhaja za a riƙa gina su. Na'urar rarraba saƙo da a da mutum biyu ke ɗauka suna nishi, yanzu wani ɗan hoto ne a allo, ka ja shi da linzamin kwamfuta ka ajiye. Wayar da ke haɗa wannan da wancan layi ne kawai, babu abin da za ka taɓa. Aka tara tsofaffin ma'aikata a wani ɗakin taro aka ce za a koya musu da hannu na tsawon mako biyu, a ƙarshe a gwada su. Wanda ya iya ya zauna. Wanda bai iya ba kuwa, manaja ya ce kamfani ba zai manta da gudummawarsa ba, kuma duk wanda ya taɓa cin abinci a ƙarƙashin wani ya san ma'anar wannan magana.

Kusa da shi aka zaunar da Crescencio, wanda kowa ke kira Chencho. Shi ya riƙe 'yar Nicanor ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre, kuma tun daga ranar bai daina zolayarsa ba.

"Compadre, wannan linzami ne, ba filaya ba," in ji Chencho a rana ta farko. "Sassauta masa, ba gudu zai yi ba."

"Kai ka ji da naka. Na ga ka haɗa hanya da kanta, tana ta zagaye kamar kare da wutsiyarsa."

"Ai da gangan na yi, ina gwada Injiniya ne."

Injiniya Dalia, wadda aka turo daga babban birni ta koyar da su, ba ta kai 'yar Nicanor shekaru ba. Gaskiya ita ce yarinyar ba ta da laifi. Tana da haƙuri, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, kuma Don Nicanor take kiransa da cikakken ladabi. Ladabin ne ma ya fi yi masa ciwo, don irin wanda ake yi wa majinyaci ne. Kowannensu an ba shi filin gwaji nasa a cikin kwamfuta. Za ka yanka hanyoyi, ka haɗa su da na'urar rarrabawa, ka jona na'urorin aiki a kai, ka tabbata suna jin juna, sannan ka kafa katangar tsaro. Da suka zo kan katangar ta tsaya a gaban allo ta ce:

"Ku saurare ni da kyau. Kwamfutar da kuke ba da umarni daga cikinta, ita ma a cikin gidan da kuke ginawa a allo take. Ku fara buɗe wa kanku hanya kafin ku ce a toshe sauran. In kun juya tsarin, kun kulle kanku a waje."

Nicanor ya ji, ya gyaɗa kai, ya kuma yi daidai a ranar, yana bin ta mataki-mataki kamar makaho da ɗan jagora. Amma zuciyarsa ba ta karɓa ba. A ganinsa wannan aikin ganganci ne, a bar gida a buɗe ana shirya kaya.

Makon farko wahala ce zalla. Idonsa na yaji, yana neman abu a allo alhali yana gabansa. Idan hanya ta ƙi aiki, ƙafarsa ce ke fara motsi, tana so ta kai shi ya duba waya, sai ya tuna babu wayar. Ranar Lahadi, maimakon ya raka Hortensia coci, ya zauna da tsohuwar kwamfutar 'yarsa yana maimaita abin da aka koya. Ita kuma tana kishingiɗe a kujera, hannunta na hagu a kumbure inda ake soka allura, tana kallonsa.

"Tsoho, wainarka ta gordita ta huce."

"Ina zuwa, tsohuwa."

"Tun ɗazu kake zuwa. Ko hanyar ma a cikin kwamfutar take?"

Ya yi dariya don ta ji daɗi. Bai taɓa gaya mata abin da manaja ya ce ba, ya dai ce mata ƙarin ilimi ne ake ba su. Tsoro kuwa ya cika masa ciki, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman falwaya ana iska.

A mako na biyu abin ya fara shiga kansa. Ya gane cewa in ya ɗauki kowane layi a matsayin waya ta gaske, ya ba shi launi a zuciyarsa, to yana iya bin sawunsa. Har Injiniya Dalia ta tsaya a bayansa wata rana ta ce tsarin sunayen da yake ba hanyoyinsa ya fi na kowa tsabta. Chencho ya ce lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara.

Ranar gwaji ta zo da safiyar Juma'a, ranar da Hortensia ke kwance a asibiti ana tace mata jini. An ba su daga safe zuwa lokacin abincin rana. Nicanor ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa ya fara. Ya yanka hanyoyi uku, suka tsaya. Ya kafa na'urar rarrabawa, ta amsa. Ya jona na'urorin aiki, ya aika saƙon gwaji daga wannan zuwa wancan, amsa ta dawo nan take. Karon farko tun da aka fara wannan abu ya ji kafaɗarsa ta sauka. Ya daina tunanin matakai, hannunsa ya kama tafiya da kansa yadda yake yi a gaban kabad, har yana ɗan fito a hankali. Ya leƙa allon Chencho ya ga ya bar shi a baya. Ya ji ya dawo Nicanor ɗin da ya sani.

To, a nan gizo ke saƙar. Nicanor ɗin da ya sani, in ya zo kan katangar tsaro, abu ɗaya yake fara yi. Ya gangara kan doka ta ƙarshe, ya mayar da ita ta hana kowa, ya danna a zartar. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ko da yake shi ba wawa ba ne, mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana yin daidai ta wannan hanya.

Allon ya tsaya. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa, sannan aka rubuta masa cewa an kasa samun hanya. Ya sake dannawa, shiru. Bai ma san lokacin da ya miƙe tsaye ba, hannunsa cikin aljihu, shuɗiyar wayar ta fito rabi.

"Ina zuwa, Don Nicanor?" Injiniya Dalia ta tambaya.

"Wane kabad ne, Injiniya? In shiga ta baya in buɗe. Ba zan daɗe ba."

Ta matso ta dubi allon, ta ɗan rufe ido. Ta rage murya don kada sauran su ji, amma ɗakin ya riga ya yi tsit.

"Babu kabad, Don Nicanor. Filin gwajin ba a ginin nan yake ba. Ni kaina ban san a wace ƙasa yake yau ba."

"To ke ki buɗe mini daga naki ɓangaren."

"Abin da aka ba ni iko a kai ɗaya ne, in mayar da shi farko. Duk abin da ka gina zai tafi."

Ya dubi agogon bango. Abin da ya rage ba zai isa ko rabin aikin ba.

"Mayar da shi," in ji Nicanor.

Dannawa ɗaya ta yi. Aikin safiya guda ya ɓace kafin mutum ya kurɓi kofi, babu ko guntun waya a ƙasa da za a share. Ya koma ya zauna ya fara daga hanya ta farko, yana sane da cewa aikin banza yake yi. Yana kan ta biyu aka ce lokaci ya cika, kowa ya ɗaga hannu daga kwamfuta. Injiniya ta ce za ta rubuta cewa ya kusa gamawa, kuma ta rubuta ɗin. Sai dai masu karanta sakamakon ba su san kusa ba, sun san ya gama ko bai gama ba.

A bakin ƙofar fita Chencho ya tare shi.

"Compadre, zan yi wa manaja magana. Ai har yanzu ana buƙatar mai ɗaure na'urori."

"Sun ba 'yan kwangila tun watan jiya, kai ma ka sani. Kai ka gama?"

"Da ƙyar."

"To ka riƙe da kyau. Ka gaida mini matarka, comadre."

Bai tsaya cin abinci ba. Ya hau bas zuwa asibiti, rana na dukan gilashi, yana ta shirya ƙaryar da zai faɗa. Zai ce sakamako bai fito ba. Zai ce an ɗaga gwajin. Ko wacce ya ɗauko sai ya ga ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Ya same ta a benci a bakin ɗakin wankin ƙoda, an gama, fuskarta ta yi fari, tana rungume da jakarta. Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana karanta fuskar mutum ba ta buƙatar ya buɗe baki.

"Zauna, tsoho."

Ya zauna. Ya fara cewa, "Sakamakon dai..."

"Bar shi. Matar Chencho ta gaya mini komai tun ranar da aka fara." Ta gyara audugar da ke manne a hannunta. "Na tambayi ma'aikaciyar can mai tabarau. Ta ce bayan an sallami mutum suna ci gaba da karɓar matarsa wajen wata biyu."

"Yaushe kika tambaya?"

"Makon jiya."

Makon jiya, lokacin da yake zaune a gabanta yana fama da kwamfutar 'yarsu, tana yi masa ba'a kan abincin da ya huce. Ya so ya ji haushi don ta yanke ƙauna a kansa tun kafin ya faɗi, amma ya rasa inda zai samo haushin. Kunya ce kawai ta rufe shi, da wani baƙin ciki mai nauyi.

"Bayan wata biyun fa?" ya tambaya, kamar ita ce ke da amsa.

"Ban tambayi wannan ba." Ta miƙa masa jakar. "Tashe ni mu tafi kafin bas ya cika. Ba ta wannan hannun ba, ta ɗayan."