'Yan Hayar da Yohanna Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Yohanna, amma har yau in na shiga kasuwar Muda Lawal sayen dusa sai masu hatsi su ce, "Ga matar mai 'yan haya."

Malamin dabbobi ne, muna kuma da 'yan aladunmu can bayan Shadawanka. Yakan ce hanjin aladiya gida ne cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su yake kira 'yan haya. Abincinsu dusa ne da ganyen dankali. In aka yi ta ɗura mata masara da ragowar tuwo, ita ta yi kitse, su kuwa su sha yunwa, daga nan sai ta ƙi ɗaukar ciki, ko ta haifi 'yan kaɗan marasa kuzari. Ni kuwa in dubi tumbinsa in ce, "Baban Markus, naka 'yan hayar fa?" Ya yi dariya, ya sake miƙo kwano. Ciwon suga ne ya yi ajalinsa, kuma har gobe ina jin haushinsa a kan haka.

Yanzu ko'ina a waya zancen ƙwayoyin hanji ake yi, har da na mutane. Da yana nan, da ya ishe mu da "ai na faɗa muku."

Abin da ba zai ba shi dariya ba shi ne halin da Gajera ta shiga. Ita kaɗai ta rage a zuriyar aladiyar da ya soma kiwo da ita shekarar aurenmu. Ɗanmu Markus, don kewar uban, ya yi ta lallaɓa ta da abincin buhu har tashi ya zame mata aiki. An kai ta barbara, shiru. Aka sake, shiru. Markus ya ce, "Mama, a ba mahauci kafin Kirsimeti." Na ce ya bar mini ita daminar nan kawai.

Na rage abincin buhu da masara, na koma dusa da ganye. Ta yi ta ihu kamar ana yankanta, maƙwabta suka ce tsufa ya sa ni rowa. Ko a jikina. Yohanna dai ya fi ƙarfina a kan kwano, ita kam ba ta isa ba.

Yohanna bai bar mana dukiya ba. Wannan wasan nasa ya bari, ashe kuwa ba wasa ba ne.

Makon jiya Markus ya durƙusa ya shafa cikin Gajera. Can ya ɗago ya ce, "Mama, an samu sababbin 'yan haya."

Muryar ubansa sak. Na ce masa garin dusa ne ya faɗa mini a ido.