Ƙafar Agwagwa a Bodar Jibiya

Jami'in kwastan ya zuge jakar Yaya Sabi'u, ya zaro wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya ɗaga su sama. Mu kuwa Maraɗi za mu gaida Kaka, ga mota tana jira.

Yayan nawa aikin nutso yake a Bahar Maliya, yana kai baƙi kallon duwatsun murjani. Shi ya nace sai Kaka ta ga kayan aikinsa.

Ya fara bayani da fara'a: "Ranka ya daɗe, ba ma wahalar iyo. Ka nutse a nan, ka saki jiki, ruwa ya ja ka kana kallon kifaye, ka ɓullo can nesa, jirgi ya ɗauke ka."

Jami'in ya ajiye takalman a hankali. "Wato ka shige ta ƙasa, ka ɓullo wani wuri, wani na jiranka, ba wanda ya gan ka? Malam, mu nan fasa-ƙwauri muke kiran wannan."

Ya ce in dai kayansa ne, ya sa a gani, ko a riƙe su. Haka Yaya ya ɗaura tabaran nutso, ya zura takalman, yana tafiya da baya a bakin titi, don gaba ba ta yiwuwa. Direbobi har da riƙe ciki don dariya.

Wata tsohuwa mai fura ta girgiza kai: "Allah sarki, ga shi kyakkyawa. Allah shi ba shi lahiya."

Aka sallame mu, har da kyautar fura. Jama'a, ku wace sana'a ce a gidanku gara a yi shiru da bayaninta?