Malam Awaisu, Wanda Ya Wanke Labo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 16 ga Yuli, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Awaisu Saminu, mai gyaran kwamfuta a Funtua. Babur ɗinsa ya zame cikin ruwan sama a hanyar Danja, mota ta same shi. An yi jana'izarsa bayan la'asar. Wurina yake zuwa, ni na kira shi.

Malam, ni ce Lauratu, mai kula da bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibitin nan da ka shekara shida kana ɗawainiya da kwamfutarsa. Kai ka ɗora mana Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ka zauna ka koya mini har hannuna ya faɗa, ba ka taɓa nuna gajiya da yawan tambayata ba.

Ba zan manta da abin da ka yi wa Labo ba. Bara, kwamfutar ta riƙa tsayawa ana tsakiyar aiki, sunayen mata masu awon ciki suka ƙi buɗuwa. Shugabanmu ya leƙa ciki, ya ga wani fayil mai baƙon suna, ya yanke cewa cuta ce aka sa mata. Nan take aka tuna an ga Labo, mai ba da magani, ya soka filashinsa na ajiyar bayanai a jikinta. Labo ɗan Maguzawa ne daga wani ƙauye na Bakori, ba shi da mai tsaya masa a wurin. Ya rantse har muryarsa ta dishe, amma an riga an rubuta takardar korarsa. Ni ma na zarge shi, ban ɓoye ba.

Da ka iso, aka ce ka goge fayil ɗin kawai a huta. Ka ƙi. Ka yi mana bayani cewa manhajoji a ƙunshi-ƙunshi suke shiga kwamfuta, kuma tana riƙe da sunan kowane fayil da ƙunshin da ya kawo shi. Ka ce: "Ranka ya daɗe, kafin a kori mutum, a bari in tambaye ta wa ya kawo wannan." Ka buga mata umarnin dpkg -S, ka bi shi da sunan fayil ɗin. Amsa ta fito a layi ɗaya: na ƙunshin firinta ne, wanda kai da kanka ka saka tun ranar farko. Ainihin matsalar kuwa, ma'ajiyar kwamfutar ce ta cika. Ba ka tafi ba sai da aka yaga takardar a gabanka. Daga baya Labo ya kai maka tiya biyar ta waken suya har shago, ka karɓi ɗaya don kada ransa ya ɓaci.

A ranar ka sa na rubuta umarnin nan a bayan littafina, ka sa na gwada sau uku.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Larabar nan manhajar rajista ta ƙi tashi, tana cewa wani fayil ya ɓata. Mata sun cika benci. Na ruɗe, na buga maka waya. Ka ce hadari ya haɗu, ko zan duba littafina tukuna? Na ce ba zan iya ba, na matsa maka ka zo. Ka ce to.

Bayan sadakar uku na koma aiki, na buɗe littafin. Na tambayi kwamfutar, ta faɗa mini ƙunshin, na sake saka shi. Ko minti goma abin bai ɗauka ba. Na zauna ina kallon sunayen matan sun dawo.

Na je na durƙusa gaban mahaifiyarka, Inna Hansai, na faɗa mata komai. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta kama hannuna ta ce: "'Yar nan, ko ba ki kira shi ba, wani zai kira, kuma zai tafi. Haka na haife shi." Na san kwana idan ya ƙare ba makawa, na yi imani da haka. Amma har yau in aka soma yayyafi sai gabana ya faɗi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Hansai, da maiɗakinka Hajiya Najiba, da 'ya'yanka Firdausi da Talha, da abokan sana'arka na Funtua da Malumfashi. Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ka bari. Ya Allah, Ka jiƙan Awaisu, Ka haskaka kabarinsa, Ka wanke shi daga kurakuransa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ni kuma, Malam, ban samu damar neman gafararka ba. Ina roƙon Allah Ya isar da saƙon nan gare ka.