Motar da Ke da Ranar Haihuwa

A ofis ba mai kiransa da sunan yanka, sai dai Mai Kibiya. Aikinsa zana taswirar manhajar kwamfuta kafin a rubuta ta. A taswirar, kowane akwati rukuni ne, ga Direba, ga Fasinja, ga Tikiti, kibiya kuma ta nuna wanda ya gaji halayen wani. Shekara goma sha huɗu ke nan yana yi wa wani kamfanin sufuri wannan aiki, a ɗaki marar taga, gaban farin allon da tsohuwar tawada ta ƙi fita daga jikinsa.

A shekararsa ta fari, gaggawa ta sa ya zana akwati guda can sama, ya kira shi Mutum, ya sa kowa ya gaje shi. Da aka zo kan Mota, ƙiwa ta kama shi, ita ma ya ja mata kibiya zuwa can. Shi ya sa har yau, a cikin manhajar, kowace motar kamfanin tana da ranar haihuwa da lambar wayar ɗan'uwa. Abokan aiki suna sheƙa dariya, amma ba mai yarda ya taɓa akwatin, don kuskure ɗaya sai tikiti ya daina fita a tashoshi arba'in. Shi kaɗai ya san inda ake dafawa.

Matarsa tana aikin jinya a wani gari, tafiyar awa tara, tare da 'ya'yansu mata biyu. Sau uku yana neman a mayar da shi reshen can.

"Ka warware mana ƙullin nan, sai ka tafi," in ji shugaban sashe.

Wata biyar ya yi yana warwarewa a takarda, har ya raba mota da mutum. Ranar da ya gama, ya manna sabon zanen a bango cike da murna. Shugaban ya daɗe yana kallo, yana gyaɗa kai.

"Ya yi kyau ƙwarai. A mayar da manhajar kan wannan, shekara nawa?"

"Biyu, ranka ya daɗe, in an ba ni mutum huɗu."

"Babu huɗun. Kuma wa zai iya, in ba wanda ya zana ba?"

Ya fita kan matakala ya kira matarsa a waya. Tun daga gaisuwa ta gane.

"Abban yara, kada ka sake sa mana rana," ta ce a hankali. "Yaran sun daina tambaya tun bara. Ni kaɗai ce nake jira, kuma na gaji."