Yadda Majina Ta Tsai Da Amarya A Bakin Ƙofa

Daga Shanga

Ana idar da sallar asuba muka bar Shanga, mata cike da bas, gado da katifa ɗaure a sama. Za mu kai Hauwa'u, ɗiyar yayana, gidan mijinta a wata tunga can bayan Wara. Tana goye uwarta ta rasu. Tun da aka sa rana ta riƙe hannuna ta ce, "Gwaggo, ni dai guɗarki nika so a bakin ƙofa, ba ta kowa ba." Ba yabon kai ba, in na kama hanci na rangaɗa, har kajin maƙwabta sai sun watse.

To ga matsalata. Shekarun nan, da zarar na yi abin da ya sa ni haki, ko daka ko saurin tafiya, sai majina ta ƙi fitowa ta gaba kamar ta mutanen kirki, ta riƙa gangara mini maƙogwaro ta baya. Daga nan sai gyaran murya, sai tari, murya ta dishe. Ma'aikaciyar asibitinmu ta ce in yawaita shan ruwa, in fara kowane aiki a hankali, in ja numfashi ta hanci, in riƙa wanke hancin da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri bayan ya huce. Ta kuma ba ni maganin fesawa a hanci. Duk na haɗa a 'yar jaka, na kuma ƙudura yau ko tsinke ba zan ɗaga ba.

Yelwa da Birnin Yauri

Hantsi bai dubi ludayi ba muka shiga Yelwa, aka tsaya karin kumallo. Kowa na cin soyayyen kifi da yaji, ni ina fama da koko zalla, ina haɗiyar yawu. A shingen da ke gaba wani jami'i ya leƙo, ya ga lulluɓi, ya ce sai an yi masa guɗa zai ɗaga sanda. Duk aka juyo kaina. Na ce, "Yallaɓai, tawa an riga an yi alkawarinta." Larai, matar ƙanena, ta yi masa wata 'yar siririya, ya ce mu wuce don Allah kafin ta ƙara.

Bayan Birnin Yauri mota ta kafe a taɓo. Direba ya ce kowa ya sauka a tura. Na ƙi motsawa, ni da amarya.

"Yaya, amare biyu muka ɗauko ne?" in ji Larai, tana haki.

"Ki tura dai. Ni muryata nika tanadi."

Suka tura har da ni a ciki. Na ji kunya, amma kaɗan.

Wara zuwa tunga

Bayan azahar muka hau jirgin ruwa mai inji a Wara. Iska ta taso, na naɗe hanci da mayafi, na ji daɗin dabarata. Ashe ruwa ya ja baya, jirgin ya sauke mu nesa da gari, ga yashi, ga hawa. Dangin ango sun fito tarbo suna kallo, kuma a wurinmu abin faɗa ne babbar gwaggo ta shiga gari hannu rabbana kowa na ɗauke da kayan ɗiyarta. Na sungumi ƙullin tukwane. Fara a hankali kuwa, ina! Masu kiɗa ne a gaba, kamar ana korarsu.

Kafin mu kai rabin hawa na ji majinar ta soma aikinta. A ƙofar gida aka yi tsit, aka buɗe mini fili. Na kama hanci, na ɗaga kai, sai ga kukan agwagwa ya fito, tari ya biyo baya. Aka kwashe da dariya. Na nemi jakata, Larai ta ce ai tun a gida ta cusa ta cikin kwallayen amarya aka ɗaure, kuma babu mai kwance kayan amarya a titi gaban surukai.

Wata daga dangin ango ta matso za ta fanshe ni. Sai daga cikin lulluɓi na ji muryar Hauwa'u: "In ba Gwaggo ba, nan zan tsaya." Wallahi ban san abin ya kai mata haka ba.

Uwar ango, Inna Talatu, ta dube ni ta ce, "Mi ya samu baƙuwata?" Kafin in amsa ta sa an kawo romon kifi da barkono, wai shi ke buɗe murya. Na kurɓa don kara, hanci da ido suka ɓalle gaba ɗaya. Da ƙyar na yi mata bayani. Ta ce, "Gishiri dai? Shi ne abin tsai da biki?" Ta sa aka dafa ruwa, aka fifita shi da faifai, aka shimfiɗa wa amarya tabarma a inuwa. Gari guda, har masu kiɗa, suka zauna jiran hancina. Na zagaya bayan danga na wanke, na kurkure maƙogwaro, na sha ruwa, na zauna har hakin ya kwanta.

Da na dawo na rangaɗa guɗa, sai da masunta a bakin ruwa suka waiwayo. Na ƙara ta biyu, wannan a zuciyata ta uwarta ce. Hauwa'u ta matse hannuna ta taka ƙofa, ni kuwa hawaye ya hana ni ta uku.

Komawa gida

A ɗakin Inna Talatu muka kwana, washegari da la'asar muka iso Shanga lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen tungar nan da suka yi haƙuri da ni. Da muna sallama Inna Talatu ta ce in Allah ya kawo suna, amalanken shanu zai jira ni a bakin ruwa. Ban yi mata musu ba.